Gwaiba ta ishe ki: abin da za ki dafa daga hunturu zuwa kaka

Tambaya: “Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Rigasa da maigidana da yara huɗu da surukata. Maigida yana da hawan jini, Hajiya kuma ciwon suga. Duk sanda na buɗe waya sai in ga ana cewa a ci tuffa da inabi da man zaitun, ni kuwa kuɗin cefanena bai kai nan ba. Yaran ma da hunturu mura, da damina zazzaɓi da gudawa. Me zan riƙa dafawa a kowane lokaci na shekara don mu zauna lafiya?”

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara wa Hajiya da maigida lafiya, ya raya mana yaran.

Bari in fara sauke miki nauyin tuffa. Ba laifi gare ta ba, amma ba ta da wani sirri da 'ya'yan itatuwanmu suka rasa. In bitamin C ake nema, gwaiba ta ninka lemon zaƙi, tuffa kuwa ko ƙafar lemon ba ta kama ba. Wanda ya rubuta a ci tuffa, a ƙasarsu ita ce take zuba a gindin bishiya kamar yadda mangwaro yake zuba mana a watan Afrilu. Abin da yake da araha a wurinsa ya faɗa. Ke ma ki dubi naki. Duk abin da kika ga an jibge a bakin titi, mai baro yana ta kiran ki ki zo ki ɗauka, shi ne abincin wannan lokacin: ya nuna a kan uwarsa, bai yi doguwar tafiya ba, kuma kuɗinki zai kai.

Sai dai kafin mu shiga kasuwa, akwai abin da ba ya sauyawa da rani ko damina, wato rabon kwano. Shekarun da na yi ina zama da masu hawan jini da masu suga ina ba su shawarar abinci sun nuna mini a nan yawancin gidajenmu suke tuntuɓe. Akwai wani dattijo ɗan Tudun Wada da na ce ya gwada mini yawan tuwon da yake ci da dare. Ya haɗa tafukansa biyu ya ce malmala uku irin wannan. Na ce, “Baba, miya fa?” Ya yi dariya ya ce, “Ai miya ta taɓawa ce, 'yata.” To haka muke ci: dutsen tuwo, miya kamar an ɗiga. Alhali a miyar nan ganye yake, a nan daddawa da kifi da wake suke, a nan abin gina jini yake. Hausawa da kansu sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, kamar cikin tafin hannu biyar ke nan, kuma dankali da rogo da doya ba sa cikin lissafin. Don haka ki rage malmala, ki yi miya mai kauri da yawa, ki ajiye cokali kusa da kwanon kowa. Wannan kaɗai, in kika riƙe shi, ya fi duk abin da zan faɗa a gaba.

Yanzu mu fara da hunturu, domin shi ne lokacin wadata, ko da yake mutane ba sa kallonsa haka saboda ƙura da tsagewar leɓe. Daga Disamba zuwa Maris masu noman rani suke fito da kaya. Ki je Bakin Dogo da sassafe a watan Fabrairu ki ga yadda ake sauke kwandunan tumatir daga mota, har ƙasa ta yi ja, ga tattasai da attarugu da albasa, ga kabeji da karas da latas na fadamun bakin kogin Kaduna da na wajejen Zariya. Ga lemo, ga rake na Maƙarfi, ga agwaluma, ga magarya da goruba da 'ya'yan kuka da tsamiya sabuwa. A wannan lokacin babu gidan da ya kamata a ci shinkafa tsirara. Kabeji da karas a yanka a kan shinkafa da wake, a kan ɗanwake, a cikin dambu. Karas kuma ki ɗan dafa shi da mai kaɗan, domin bitamin A ɗin da ke cikinsa sai da maiƙo jiki yake ɗauka sosai. Abin da za a ci ɗanye, irin latas da kabeji, a wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsafta har sau uku, don ba kowane lambu ne ake ba wa ruwan kirki ba.

Murar yara kuwa, kada in yaudare ki: babu abincin da yake hana mura kwata-kwata. Ƙwayar cuta ce take yawo tsakanin yara a makaranta da islamiyya, ƙurar hunturu kuma tana busar da hanci da maƙogwaro ta buɗe mata hanya. Abin da abinci yake yi shi ne ya sa jikin yaro ya iya faɗa da ita ya tashi da wuri. Kunun tsamiya mai ɗumi da safe, lemo guda ko kwalba da nono na 'ya'yan kuka da rana, miyar kuka da daddawa da dare. Garin 'ya'yan kukan nan da yara suke tsotsa yana da bitamin C mai yawa, mu ne muka raina shi don ba a leda mai zane yake zuwa ba. Shayin citta da kanumfari yana sanyaya maƙogwaro ga manya da manyan yara, kuma cittar ma tamu ce ta Kaciya da Kagarko da Jaba, duk da cewa tun cutar da ta faɗa wa gonakinta a 2023 farashinta ya yi tsalle. Zuma cokali guda tana rage tari da dare, amma ba a ba wa jaririn da bai shekara ba, ko ɗigo. A shafa musu man kaɗanya bayan wanka, a sa musu riga mai kauri da asuba. Kuma don Allah kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari, mutum yana barci take ɗauke shi.

Wani abin hunturu da ake mantawa shi ne ruwa. Sanyi yana ɓoye ƙishi, iska kuma tana tsotse jiki. Tsofaffi irin Hajiya su ne suka fi faɗawa wannan, sai a ji suna kukan ciwon kai da taurin bayan gida. Ki ajiye mata ruwa mai ɗumi a filas kusa da ita.

Amma babban aikin hunturu, wanda nake so ki ja layi a ƙarƙashinsa, shi ne shanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tumatirin da yake araha a Fabrairu shi ne zai gagare ki a Yuni da Yuli, kowace shekara haka ne, wata shekarar ma ya wuce misali. Masu cefane ba su manta 2016 ba, lokacin da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Saboda haka in kwando ya sauko, ku haɗa kuɗi ke da maƙwabta biyu ku saya ku raba. Ki zaɓi masu tauri, ki wanke, ki yanka faɗi-faɗi, ki baza a faranti ko tabarma mai tsafta a kan wani abu mai tudu, ki lulluɓa da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Iskar hunturu za ta yi miki aikin cikin 'yan kwanaki. Haka tattasai, haka kuɓewa. Sai ya bushe ƙayau, yana karyewa a hannu, sannan a adana. Ni na taɓa yin gaggawa na ƙulle kauɗa a leda tana da sauran danshi, da na buɗe bayan wata guda duk ta yi fumfuna, kwando guda ya tafi bola. Ganye kuwa dokarsa daban: zogale da rama da alayyahu da kuka a inuwa ake shanya su, inda iska take ratsawa. Rana tana ƙone amfaninsu. In kika ga garin kuka ya koma ruwan ƙasa, ya sha rana ko ya tsufa. Mai kyau kore ne shar.

Kada ki shanya komai a ƙasa ko a bakin titi, kuma ki rufe hatsi da ragowar abinci da murfi mai kamawa. Zazzaɓin Lassa ya fi yawa a watannin rani, ɓera ne yake kawo shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci.

Daga Maris zuwa farkon Mayu sai bazara. A nan magana ta ruwa ce kafin ta abinci. Zafi yakan kusanci digiri 40, wuta ba ta tsayawa, dare ba barci. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne fitsari: in ya yi ja ya yi kaɗan, ruwa bai isa ba, ko mutum bai ji ƙishi ba. Kankana da gurji da yalo su ne abokan wannan lokacin, ga fura da nono, ga zoɓo da kunun aya. Sai dai abin shanmu sukari ne yake ɓata shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kamar giram 50 a rana ga babba, wato ƙaramin cokali 12, in an rage zuwa rabin haka ma ya fi. Kwalbar lemo guda ta kusa cinye wannan kason. Zoɓon da ake ƙullawa a leda ma sau da yawa bai fi ta ba. Ki dafa naki a gida da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ki sa sukari kaɗan, ki ɗebi na Hajiya kafin ki sa. Nonon da kika saya a kasuwa ki tabbata an dafa madarar kafin a kwantar da ita, don ɗanyar madara tana iya ɗauke da cuta daga saniya. Kunun aya da kunun zaƙi kuma ba sa kwana a wannan zafin, wanda aka yi da safe a sha shi a ranar.

Mangwaro ana yi masa sharri, wai shi ne yake kawo zazzaɓi da gudawa. Mangwaron da ya nuna yana cikin abin da ya fi ba yara bitamin A a duk shekara, kuma kusan kyauta. Laifin na ƙuda ne da hannu marar wanki da wanda aka tsinta a ƙasa ya fashe, sai kuma ɗanye da yara suke ci da gishiri har ciki ya murɗa. A wanke shi, a wanke hannu, a bar su su sha. Wanda za ki guje wa shi ne na farkon fitowa, da ake tilasta masa nuna da kabayid irin na masu walda, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Za ki gan shi rawaya fes a waje, ba ƙamshi, ciki kuma tsami da tauri. Ki yi haƙuri mako biyu, na gaskiya yana tafe. Hajiya ma ba a haramta mata ba: ƙarami guda, ko rabin babba, bayan ta ci abinci, ba tire guda a zaune ba, kuma ba a matse shi a sha ruwansa ba.

In akwai jariri a gidan da bai kai wata 6 ba, za a matsa miki ki ba shi ruwa saboda zafi, wataƙila ma Hajiya ce za ta fara. Ki lallashe ta da girmamawa. Nonon uwa mafi yawansa ruwa ne, ya ishe shi ko a Afrilu. Ke ce za ki ƙara shan ruwa, ki ƙara ba shi mama. Kuma bazara lokacin sanƙarau ce: zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya ba na jiƙe-jiƙe ba ne, asibiti za a nufa a daren. A bar tagogi a buɗe, a rage cunkoso a ɗaki. Azumi kuwa yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, na 2025 a Maris ya faɗo, yanzu yana gangarawa cikin sanyi. Duk sanda ya zo, masu shan maganin suga da na hawan jini su ga likita kafin a ga wata, don a gyara musu lokutan sha.

To, sai damina. Ana ce mata uwar albarka, kuma haka ne, amma a ɗakin awon yara ita ce lokacin da muka fi ganin wahala. Ki lura da abin da yake haɗuwa tsakanin Yuni da Agusta: hatsin bara ya ja baya, na bana bai iso ba, mudu ya yi tsada, tumatir ya zama gwal, ga sauro, ga ruwan sha ya gurɓace saboda kwata da masai suna malala cikin rijiyoyi. Yaro ya yi zazzaɓi ya ƙi cin abinci, ya tashi ya faɗa gudawa, kafin ya murmure wani zazzaɓin ya dawo. Ta haka tamowa take shiga gidan da ba a kwana da yunwa. Uwa tana cewa “ai yana ci”, amma abin da yake ci koko ne tsararo da gayan tuwo.

Abin da Allah ya ba mu a madadin tumatir shi ne ganye, kuma a wannan lokacin har a bayan katanga yake fitowa. Rama, zogale, alayyahu, lalo, yakuwa, tafasa, karkashi, ganyen kabewa, ɗanyar kuɓewa. Damina ba lokacin miyar dage-dage ba ce, kada ki kashe kuɗinki a kan fasasshen tumatirin da ya fara ruɓa don yana araha. Lokacin miyar taushe ce da miyar zogale da gyaɗa, lokacin faten tsaki da rama da yakuwa, lokacin kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Kauɗar da kika shanya a Fabrairu yanzu za ta yi miki rana, ki jiƙa kaɗan ki niƙa da albasa. Kwaɗon rama ko na zogale ni a wurina cikakken abinci ne: ganye ya kawo abin gina jini, ƙuli ya kawo abin gina jiki da maiƙo, in aka matsa lemon tsami ko aka yanka ɗan tumatir, tsamin yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikin ganyen. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana tare shi, don haka a bar tazarar kamar awa guda tsakanin abinci da shayi, musamman ga mai ciki da 'yan mata.

Wajen dafa ganye muna da ɗabi'u biyu da suke zubar da amfaninsa. Na farko a tafasa shi har ya yi baƙi, a tsiyaye ruwan a zubar. Rama da tafasa dole a zubar da ruwan farko saboda tsami da ɗaci, na yarda, amma alayyahu da zogale ba sa bukatar haka: a wanke kafin a yanka, a zuba a ƙarshe, a sauke yana kore. Na biyu kanwa. Na san tana sa wake ya yi laushi da wuri, tana sa kuɓewa ta yi yauƙi, gas da gawayi kuma ba araha ba. Amma tana kashe wasu bitamin, kuma danginsu ɗaya da gishiri wajen abin da mai hawan jini yake gudu. Ki jiƙa wake tun dare ki zubar da ruwan, zai dahu da wuri ba tare da ita ba, kumburin ciki ma ya ragu.

Tunda mun zo kan gishiri, bari in yi maganar maigida. Ma'aunin shi ne kada ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokali guda ke nan, duka-duka har da wanda yake ɓoye a burodi da taliyar yara da yajin tsire. Dunƙulen magi da muke jefawa a miya kusan rabinsa gishiri ne, amma sai mu jefa huɗu mu kuma ƙara gishiri. Kada ki cire gaba ɗaya rana guda, za a bar miki tuwonki. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, kina ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi, cikin 'yan makonni harshe zai saba har na waje ya riƙa yi masa gishiri. Kuma tukunya ɗaya za ki yi wa kowa, don in aka ware masa tasa zai ji kamar an hukunta shi, ya je ya rama a wurin mai tsire. An gwada zoɓo marar sukari an ga yana ɗan sauke hawan jini, amma ɗan saukewa ne, ba ya maye gurbin ƙwaya. Na ga mutane sun ajiye magani sun kama zoɓo da tafarnuwa, an dawo da su ɓarin jiki ya shanye.

Ga yaran, abin da nake so ki tanada kafin marka ta sauka shi ne garin kunu mai haɗi: gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. A dama shi da kauri, yadda zai zauna a cokali ba ya zuba, a sa ɗan manja ko garin zogale. Damina kuma lokacin ƙwan zabi ne, ki dafa wa ƙananan, ki rabu da zancen wai ƙwai yana sa yaro sata. Awara ma nama ce ga wanda nama ya gagara. Sabuwar masara da dafaffiyar gyaɗa da gurjiya sun fi biskit sau goma a matsayin abin taɓawa. In ma'aikatan lafiya sun auna damtsen yaro da tef ɗin nan mai launi suka ce ya shiga ja, wato ƙasa da santimita 11.5, wannan ya wuce kunu, akwai abinci na musamman da ake bayarwa a asibiti.

Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tace ruwa, a ajiye a abin da yake da murfi, moɗa ɗaya ta ɗiba, ba kowa ya tsoma kofinsa a randa ba. In gudawa ta zo, kada a tsaya neman allura. A fara da ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ake samu a kemis. In babu, ledar fiya wata biyu lita guda ce: ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A haɗa da ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba da abinci da mama. In gudawar kamar ruwan shinkafa take, ko yaro ya kasa sha, ko ido ya faɗa, to a ɗauke shi, yana sha a hanya. Sauro kuwa babu abincin da yake korar sa, gidan sauro ne kowane dare. In masu bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na damina sun zo, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, ki karɓa, kuma ki cika na kwana na biyu da na uku da suke bar miki, don nan ne iyaye suke sakaci.

Kaka ba ta da wahalar shawara, komai sabo ne: gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi, kabewa, dankali, doya, gwaiba, acca daga kudancin jihar. Ku ci. Ki dai sassauta surfe, don dusar da muke ba wa akuya a nan yawancin amfanin hatsi yake, tuwon dawa ko na gero da ba a cika surfawa ba ya fi farin tuwon masara da na shinkafa riƙe ciki da daidaita suga. In kika ga masara mai launin ruwan lemo ko dankali mai jan ciki ki saya, suna da bitamin A, cibiyar binciken noma ta Samaru ma ta fitar da irin wannan masarar. Abin tsoro a kaka ajiya ce. Gyaɗa da masarar da ba su bushe ba suna yin fumfuna mai guba, afilatoksin, wuta ba ta kashe ta, tana taruwa ta lalata hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Ki tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yamutse ko take ɗaci ki zubar, kada ki ce a yi ƙuli da ita. Wake kuma kada a zuba masa fiya-fiya. Ki shanya shi sosai ki cika jarka mai tsafta har baki ki toshe, ko buhun nan mai leda biyu a ciki, rashin iska ne zai kashe ƙwarin. Wanda kika saya kika ji yana warin magani, ki mayar.

Saura Hajiya da acca, don na san za a ce miki ita ce abincin masu suga. Acca hatsi ce mai kyau, amma hatsi ce, in aka ci da yawa suga zai hau kamar yadda yake hawa da tuwon masara. Haka alkama. Abin da zai taimake ta shi ne malmala guda kamar dunƙulen hannunta, miyar ganye cike da kwano, wake ko kifi ko ƙwai a gefe, a kan lokaci, ba tare da tsallake karin safe ba. Rake da kunun zaƙi da dabino da yawa su ne za ta yi wa kawaici. In ƙafarta tana ɗauka, ta ɗan zaga tsakar gida minti goma bayan cin abinci, maigida kuma ya tafi masallaci na nesa da ƙafa maimakon na ƙofar gida, ya haɗa minti 30 a yawancin kwanakin mako. Da hunturu ki riƙa duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu kowane dare kina shafa mata mai, ban da tsakanin yatsun, domin faso a ƙafar mai suga ƙaramin abu ne da yake zama babba, kuma sau da yawa ita ba za ta ji zafinsa ba. In kika ga rauni, ko bai kai ƙwayar gero ba, ki kai ta a duba ba tare da ɓata lokaci ba.